Kawu, zango muka yi, ba ɓata muka yi ba

Kawu, saƙonku ya iso ni. An ce da aka nuna muku hotona da jakar goyo a kan dutse, kun tambaya ko me zai sa magidanci ya bar ɗakinsa ya kwana a daji kamar mafarauci, kuma anya Hausar tana nan kuwa. Na yi dariya, amma maganar ta kwana mini a rai.

Wurin sunansa Girraween, gandun daji ne na gwamnati, kimanin kilomita 260 daga Birisben inda muke zaune, kusa da garin Stanthorpe. A nan Ostireliya mutane kan kafa ƙungiya don tafiyar ƙafa a daji kawai, kuma surukina ne ya ja ni cikin tasu. Na baro gari bayan na sallaci Juma'a a masallacin Holland Park, wanda aka fara ginawa tun 1908, don ku san Musulunci ba mu muka kawo shi ƙasar nan ba. Da almuru muka kafa tantuna. Sai an biya kuɗin wurin kwana tun daga gida, kuma ba a yarda ka tsinci ko ƙirare ɗaya a gandun ba. Ni da na tashi ina yo wa Inna itace, wannan dokar har yau tana ba ni mamaki.

Watan Yuli ne, tsakiyar hunturunsu, a yankin da ya fi ko'ina sanyi a jihar Queensland. Da asuba raɓa ta daskare a kan tanti, sai da na ɗumama ruwan buta kafin na iya alwala. Na yi salla ina fuskantar yamma, domin alƙiblarmu ke nan. Shekara nawa ina nan, amma bakina bai daina cewa zan fuskanci gabas ba.

Asabar muka hau dutsen da suke kira Pyramid. Zuwa da dawowa bai kai kilomita 4 ba, amma ƙarshensa falalen dutse ne tsirara, a miƙe, babu abin kamawa. Idan an yi ruwa ba a hawa, santsi ne da shi kamar an zuba karkashi. A can sama akwai wani ƙaton dutse da ya tsaya a kan ɗan tsininsa, kai ka ce yaro zai iya ture shi. Kawu, ina ɗora tafin hannuna a kan falalen nan sai Kufena ta faɗo mini. Irin dutsen ne, da kaushinsa da ɗuminsa idan rana ta taɓa shi. Ku ne fa kuka fara kai mu can bayan Wusasa, ni da marigayi Yaya, da silifas, har kuka goya ni a gangare. A lokacin ba ku ce mun zama Turawa ba.

Kuma ai kwanan daji gadonmu ne. Kakanninmu fatake da suka riƙa zuwa Gwanja ɗauko goro, a ina suke kwana? Mai jagorantar tafiyarmu wata tsohuwa ce, ita ke ƙirga mu, ita ke cewa a tashi ko a yada zango. Madugu nake kiranta, yanzu duk ƙungiyar sun ɗauka.

Na san abin da ke ƙasan tambayar, maganar uwargida ce. E, Baturiya ce, kuma da wando ta hau dutsen, da ɗankwalinta. Ƙasar inabi ce, da dare wasu sun buɗe kwalabensu, mu muka dafa shayi da citta. Ba wanda ya miƙo mana, ba wanda ya yi mana dariya. Mahaifinta da kansa ya ware mana tukunya da naman halal. Mu Hausawan nan ba mu da yawa, ba mu da zango irin na Kumasi da za a ce ga 'yar wane ga ɗan wane, da wanda Allah ya haɗa ka za ka zauna. Abin da ke ci mini rai shi ne duk wanda ya kira daga gida, ita yake fara tambaya ko tana salla, ba ya tambayar ko ta warke daga ciwon bayanta.

Inda kuke da gaskiya, harshen yara ne. Babbar tana ji, amsawa ce sai da Turanci. A kan dutsen ta hango kangaru ta ce, Baba, ga akuya tana tsalle. Na gyara mata, amma na ji daɗi da Hausa ta faɗa.

Kilishin da kuka ce za a aiko, a bar shi, ba ya wuce masu bincike a filin jirginsu. Ku gaishe mini da Gwaggo, ku ce mata jikarta na neman hoton Kufena.