Amsa ga mai tambaya kan robar takunkumin CPAP da ta saki

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara sauƙi. Ka ce robar takunkumin mashin ɗinka na CPAP (mai hura iska a hanyar numfashi lokacin barci) ta yi laushi tana santsi, iska na zurarewa tana hura maka ido, sabuwa kuma sai an aiko da ita daga Yamai ko Kano, shi ne kake neman dabarar da za ta ƙara mata kwana. Akwai, muddin ba ta yage ba. Ni ma na daɗe ina kwana da mashin ɗin nan saboda ɗaukewar numfashi cikin barci.

Maiƙon fuska ne ke kashe robar. Silikon ce, tana shan maiƙo a hankali har ta yi rawaya ta daina kama fata. Mu nan Maradi abin ya fi tsanani: bazara ga zufa, hunturu kuma kowa ya shafe fuska da basilin ko man kaɗanya. Don haka wanke fuska da sabulu kafin kwanciya ya fi duk wata dabara aiki. Man shafawa ka bar shi sai da safe. In kana da gemu, ka rage wanda ke bin inda robar take zama.

Kowace safiya ka cire ta, ka wanke da ruwa mai ɗumi da sabulu marar turare, kana murzawa da yatsa har ka ji santsin ya tafi. Ka ɗauraye sosai, ka shanya a inuwa cikin ɗaki, don ranarmu tana busar da roba, ƙura kuma na manne mata. Kada alkol ko ruwan jabel su taɓa ta.

Wadda ta riga ta sha maiƙo, ga abin da nake yi. In tafasa ruwa a tukunya mai tsabta, in zuba cokali ɗaya na bikarbonat (na farmasi ko na kanti, ba kanwa ba), in sauke daga wuta, in tsoma robar ƴan mintuna, sannan in sake wankewa da sabulu. Takan fito da ɗan ƙarfinta da kamunta, ta ƙara makonni. Amma ka sani masu ƙera ta ba su ba da wannan shawara ba, dabarar masu amfani ce. Kuma silikon zalla ake yi wa haka. In taka tana haɗe da roba mai tauri, kamar ta takunkumin AirFit F20, zafi na iya lanƙwasa ta, sai ka tsaya ga ruwan ɗumi. Mai soso irin AirTouch kuwa ba a ma jiƙa ta, shafewa kawai ake yi.

Kafin ka ɗora wa robar laifi duka, duba madaurin kai. Shi ma yana saki, mutum ya yi ta ƙara ɗaurewa, alhali robar tana son ɗan sarari ta cika da iska ta kama fuska da kanta. Ƙyallen auduga mai laushi, da za ka yanka daga tsohuwar singileti daidai siffar robar, yana tsotse zufa sosai. Ka dai tabbata bai rufe ƙananan hujojin da numfashi ke fita ba. Waɗannan ko da wasa kada a toshe su, ta nan iskar da ka fitar take barin takunkumin.

In ta tsage ko ta yi danƙo ko bayan wanki, ta gama aiki. Gam ko salatif ba za su gyara ta ba. In mashin ɗinka na kamfanin ResMed ne, duba yoyon iska a allonsa da safe: in ya riƙa wuce lita 24 a minti, ko ka koma tashi da ciwon kai da gyangyaɗi da rana, to iskar mashin ɗin ba ta isa gare ka yadda ya kamata, ka sayi sabuwa ka kuma sanar da likitanka. Ranar da ka samu hanya ka sayi biyu, ka riƙa musanya su.

Turo mana sunan takunkumin da hoton robar, mu gani ko irin wadda ke jure ruwan zafi ce.