Auta, kada ka ba ejan ɗin nan ko sisi

Auta, na saurari saƙonka har sau biyu, na kuma ga hoton takardar da ka turo. Wani ejan ya ce zai samo maka bizar aikin kula da tsofaffi a Ingila, ka ba shi rabin kuɗi yanzu, rabi in ta fito, har Baba ya fara zancen sayar da fili. Kai ne na huɗu da ya kawo mini irin wannan magana a watan nan, amma taka ce ta hana ni barci.

Kada ka ba shi ko sisi. Tun ranar 22 ga Yulin 2025 gwamnatin Birtaniya ta rufe ƙofar ɗauko masu wannan aiki daga ƙasashen waje. Mu da muke ciki ne kawai aka bari mu sabunta ko mu sauya wurin aiki. To shi ta wace ƙofa zai shigo da kai? Takardar ma da ya ba ka, mai hatimi da sa hannu, ita ta tona masa asiri. Abin da muke kira CoS, shaidar ɗaukar nauyi, lamba ce da kamfanin da ya ɗauke ka aiki yake fitarwa a na'urar ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya, da sunanka da lambar fasfonka da albashinka. Kai lambar za ka sa a fom ɗin biza kafin wata 3 ya cika. Ba a sayar da ita, an ma hana kamfani ɗora wa ma'aikaci kuɗinta. Ma'aikatar tana da jerin sunayen kamfanonin da ta ba lasisin ɗaukar baƙi, kowa na iya dubawa kyauta a intanet. Na duba sunan da ke jikin takardarka daren jiya. Babu shi.

Na san me za ka ce: ai ke ma Yaya ta hannun ejan kika tafi. Haka ne, kuma shi ya sa nake wannan ɗaga murya. A 2022 na zo, shekarar da aka buɗe ƙofar. Tawa lambar ta gaske ce, kamfanin ma yana da lasisi, amma ya ɗebo mu fiye da aikin da ke hannunsa, don kuɗin da muka biya su ne cinikinsa. A takarda an rubuta mini cikakken aikin mako. Da na iso, wani makon awa 12 ake ba ni, wani makon ko awa ɗaya babu. Haya ba ta jira, ga bashin da na baro a gida. Kuma a jikin bizar an faɗa ƙarara cewa ba ni da haƙƙin tallafin gwamnati. Ranar da na yi ƙarfin hali na tambayi manajan ina aikin da aka yi mini alkawari, ko ɗago kai bai yi daga kwamfutarsa ba, ya ce in tuna waye ya kawo ni ƙasar nan.

Wannan ne abin da ba wanda ya gaya mini kafin in taso: bizar aiki ɗaure take a ƙafar wanda ya ɗauke ka. In ya kore ka, ko aka ƙwace masa lasisi, kai ma ka tashi. Namu an ƙwace. Ina gidan wata tsohuwa, na gama yi mata wanka ina taje mata gashi, wayata ta yi ƙara. Saƙon ma'aikatar cikin gida ne, an rage mini biza zuwa kwana 60: ko in samu wani mai ɗaukar nauyi, ko in tattara in bar ƙasar. Na ƙarasa tajewar nan hannuna na rawa, tsohuwar tana tambayata ko sanyi nake ji. Tsakanin Yulin 2022 da Disambar 2024 lasisi fiye da 470 aka soke a wannan fanni kaɗai, ka ƙiyasta mutum nawa ne suka karanta irin wannan saƙo.

Ban gaya wa kowa a gida ba. Kullum da asuba ina kan waya ina cike fom, da rana in bi gidajen kula da tsofaffi ɗaya bayan ɗaya da takarduna a jaka. Saura kwana 9 Allah Ya haɗa ni da wurin da nake yanzu. Ban biya kowa ko kwabo ba, tambayoyi suka yi mini na amsa, suka ɗauke ni. Yau ni nake koya wa sababbin ma'aikata aiki. Shi ya sa in na ji ana cewa wai na samu wuri na rufe ƙofa, ba na son kowa ya zo, abin yana yi mini ciwo ƙwarai. Biza ba a hannuna take ba, ni ma ɗauka ta aka yi.

Kai da ke da digirin injiniya, hanyarka ita ce bizar ƙwararrun ma'aikata, kuma ba zan ɓoye maka ba, ta yi tsauri. Yawancin ayyukan da ake karɓa yanzu na masu digiri ne. Albashin da kamfani zai ba ka, in ban da wasu rangwame, sai ya kai fam 41,700 a shekara, ko abin da aka ƙayyade wa sana'ar in ya fi haka. Za ka ci jarrabawar Turanci irin IELTS, ka yi gwajin tarin fuka a asibitin da suka amince da shi, ka nuna fam 1,270 da suka kwana 28 a asusunka, sai dai in kamfanin ya ce ya ɗauke maka. Ga kuɗin biza, ga harajin kula da lafiya fam 1,035 na kowace shekara, kuma gaba ɗaya ake biya tun kafin ka hau jirgi. In bizar shekara 5 ce, fam 5,175 ke nan. Masu bizar aikin lafiya da kulawa, irin su likitoci da ma'aikatan jinya, su ne aka yafe wa wannan harajin. Neman aikin kuwa da kanka za ka yi, a shafin kamfanin, su tattauna da kai ta bidiyo. Za a ƙi ka sau da yawa, wasu ko amsa ba za su ba ka ba.

In ejan ya ga ka gane, zai sauya baki ya ce ka shigo da bizar ziyara, in ka iso a gyara. Ba a gyarawa. Bizar ziyara ba ta halatta aiki, ba a kuma mayar da ita ta aiki daga cikin ƙasa. Kafin a ɗauke ka ko shara ce sai an duba izininka a intanet, don mai kamfanin da aka kama da ma'aikaci marar izini tararsa tana kai wa fam 45,000 a kan mutum ɗaya, in ya maimaita 60,000. Abin da zai rage maka shi ne aikin ɓoye da sunan wani, a biya ka yadda aka ga dama, ba ka da bakin kai ƙara. In kuma aka kama takardar bogi a cikin fom ɗinka, kai za a iya hana shiga har shekara 10, ejan yana can ya canza lambar waya.

Turo mini takardar bayanin karatunka da wuraren da ka yi aiki, in gyara maka ita yadda suke so a nan, in kuma nuna maka yadda ake duba jerin masu lasisin. Ka ce wa Baba don Allah ya dakata da maganar filin nan. Zan kira shi da kaina ranar Lahadi in na sauko daga aikin dare.