Soson goge fenti: wanne zan saya, kuma guda nawa?

Wani matashi mai wurin wankin mota a Kaduna ya aiko min da tambaya. Shekara huɗu ke nan yana wanki ciki da waje, yanzu yana so ya ƙara da aikin goge fenti da inji, irin wanda ke kashe zane-zane ya dawo wa mota da ƙyallinta. Ya riga ya sayi tsohon inji mai juyi tsaye, irin na masu feshin mota. Sai ya ga ana tallar soso goma sha biyu a leda ɗaya, kowanne da launinsa, a kan kuɗin da bai kai na soso biyu masu suna ba. Yana tambaya ko ya ɗauki ledar, ko ya daure ya sayi masu tsada, kuma wane launi ne na wane aiki.

Malam, Allah ya sa albarka a nema. Kafin mu je kan soso, ka fara sanin abin da za ka riƙa ci da shi, domin goge fenti da inji ci ne, ba shafa ba. Fentin da mota ta fito da shi daga kamfani hawa-hawa ne: shimfiɗar ƙasa, sai launi, sai wata fata mai haske kamar gilashi a sama, wadda ita ce ke ƙyalli. Duka ukun kaurinsu yakan kama daga maikiron 100 zuwa 150, wato kusan kaurin takardar fotokwafi ɗaya. Fatar saman kuwa da wuya ta wuce maikiron 40 zuwa 50. Duk zanen da kake gani a rana kamar saƙar gizo-gizo, a cikin wannan fatar yake, kuma ba cike shi kake yi ba, kana rage fatar da ke gefensa ne har ta daidaita da ƙasan zanen. Abin da ka rage ba ya dawowa. Idan ka huda ta a bonet ɗin motar wani Alhaji, sai feshi, kuma daga aljihunka. Garin neman gira an rasa ido ke nan, ribar wata guda ta tafi a minti ɗaya.

To, batun launi. Ka cire shi daga kanka gaba ɗaya, domin babu wata yarjejeniya tsakanin kamfanoni a kansa. Ruwan ɗorawa a sosunan Lake Country na Amurka shi ne mai ci sosai, ruwan lemo ke biye masa, fari na tsakiya, baƙi na ƙarasawa. Ka koma wajen Rupes na Italiya, shuɗi ne mai ci, ruwan ɗorawa mai laushi ne, fari ya fi shi laushi. Ka ga wanda ya haddace launi a wuri ɗaya ya je ya saya a wani wuri, zai ɗora soso mai ci a inda ya nufi mai laushi. Waccan ledar ta goma sha biyu ita ce ta fi ban tsoro, don sau da yawa launin ne kawai ya bambanta, taurin ɗaya ne ko kusa da ɗaya. Ka danna da yatsa ka ji. Ka kuma duba manne na bayansa, wanda ke kama faifan inji. A nan mai araha ke fara cin amana: da ya ɗauki zafi sai gam ɗin ya saki, soson ya fice yana juyi, faifan ya sauka a kan fenti. Araha ba ta ado.

Abin da za ka duba shi ne da me aka yi shi. Iri uku ne. Akwai na gashin tunkiya, wanda ya fi kowa ci da sauri, kuma bai kai soso mai tauri tara zafi ba, amma yana barin sawunsa a fenti, sai an bi da wani. Akwai na maikurofaiba, shi ma yana ci sosai, sai dai an fi yin sa don inji mai juyi biyu, kuma gashinsa na saurin kwanciya ya cushe da man gogewa. Sai na soso zalla, wanda ke da mai tauri, matsakaici da mai laushi.

Injinka mai juyi tsaye ne, yana juyawa a wuri guda, saboda haka ƙarfinsa da zafinsa duk a wuri guda suke taruwa. A hannun gwani aiki yake yi kamar wuƙa, a hannun ɗan koyo ƙona gefen ƙofa da kan layin bonet ba ya masa wuya, kuma yana barin wata inuwa mai walƙiya da ba a ganinta a rumfa sai mota ta fita rana. Mai juyi biyu kuwa yana juyawa yana kuma karkaɗawa, kamar Rupes LHR15 mai karkaɗar milimita 15, shi ya sa ƙona fenti da shi sai an yi ganganci. Da ka tambaye ni tun farko, da shi zan ce ka fara, musamman tunda yaran shagonka ne za su riƙa riƙe injin ranar da ba ka nan. Amma tunda an riga an saya, ka riƙe shi a ƙananan lambobi, tsakanin juyi 1000 zuwa 1500 a minti, kada ka tsaya wuri ɗaya, ka liƙa tef a gefuna da robobi. Ribar farko da ta shigo kuma ka tara ta don mai juyi biyu, ko da ba mai babban suna ba ne.

Girman soso ya bi girman faifan injinka. Faifai mai inci 5 yana tafiya da soso mai inci 5 da rabi, mai inci 6 da soso mai 6 da rabi, domin bakin soso ya ɗan zarce faifan ya kāre fenti. Na fi son mai inci 5 ga mai farawa: ya fi sauƙin sarrafawa, ya fi araha, yana shiga lanƙwasar mota. Ka nemi ƙaramin faifai mai inci 3 saboda bamba da ginshiƙan gilashi. Bamba roba ce, ba ta watsa zafi kamar ƙarfe, nan ne sababbi suka fi ƙonawa.

Yanzu ka dubi motocin da ke shigowa wurinka, don su ne za su zaɓa maka, ba mai talla ba. Na tabbata mafi yawansu Corolla ne da Camry da Honda. Fentin motocin Japan galibi mai taushi ne, soso matsakaici da man gogewa matsakaici sun ishe shi, wani lokaci da gogewa hawa ɗaya ma, wato bi ɗaya kacal, ka gama. Mercedes da Volkswagen da Audi sun fi tauri, su ne ke neman gashin tunkiya ko maikurofaiba. Sai kuma gaskiyar kasuwarmu: motar Beljiyam da yawa an taɓa yi mata feshi, wata a can, wata bayan ta sauka, kuma ba ka san hannun da ya fesa ba. Ƙofa ɗaya ta yi tauri, ta kusa da ita ta yi danƙo. Wasu motocin haya da tsofaffin farare ma fentinsu hawa ɗaya ne, ba fatar sama, za ka ga soso ya rine da launin motar. A kansu wannan ba komai ba ne. Amma idan mota mai fatar sama ce ka ga launi a soso, ka kashe inji, ka riga ka huda.

Saboda haka nake cewa kuɗin da ka ware wa leda biyu ta soso ka sayi ƙaramar na'urar auna kaurin fenti da shi. Ka ɗora ta a ƙarfe ta ba ka lamba. Ta nuna ƙasa da 80, ka yi hattara, ko ka ce wa mai mota a'a. Ta haura 200, akwai alamar feshi na biyu. Ta kai ɗaruruwa da yawa, ƙila akwai cike a ƙasa. Jimillar kauri take bayarwa, ba ta fatar sama kaɗai ba, kuma irin mai arahar ba ta karanta roba, amma ta fi ido. Wani amfaninta kuma na ciniki ne: idan ka auna a gaban mai mota ka nuna masa inda aka taɓa fesawa, ka rufe bakin rigimar gobe. Zanen da farce ke maƙalewa a cikinsa ka faɗa masa tun kafin a yi tsada cewa zai ragu amma ba zai ɓace ba.

Ga lissafin da zan yi da ni ne kai. Kamfani ɗaya, iri uku kacal: na gashin tunkiya biyu, soso matsakaici shida, mai laushi huɗu, da 'yan ƙanana na inci 3. Za ka ce shida iri ɗaya ɓarna ce. Ba ɓarna ba ce, nan ne ma tattalin yake. Soso ɗaya ba ya gama mota. Bayan ƙofa biyu ya jiƙe da mai da garin fenti, ya yi zafi, ya yi laushi, ya daina ci, kai kuma ka ƙara danna shi, ya mutu da wuri. Idan kana sauyawa, huɗu ko biyar a mota ɗaya, kowanne ya huta ya huce, za su daɗe maka fiye da a ce ka kashe su ɗaya bayan ɗaya. Man gogewar ma biyu ya isa, mai kaushi da mai laushi, kamar M105 da M205 na Meguiar's, ko Menzerna 400 da 3800. G3 na Farécla da masu feshi suka saba da shi yana ci, amma sai ka bi bayansa da mai laushi in kana son ƙyallin da baƙar mota ke nema.

Kada ka lissafa soso cikin jari kamar inji. Kayan ƙarewa ne, kamar sabulu da man janareta. Ka sami littafi, ka rubuta ranar da ka fara aiki da kowanne da yawan motocin da ya yi kafin ya yage. A ce ka saye shi naira dubu goma sha biyu ya yi mota goma sha biyar, ɗari takwas ke nan a kowace mota, ka ninka da yawan sosunan da ka taɓa a aikin. Ka haɗa da mai, da tef, da tawul, da fetur, da ladan yaro, da wuninka, domin gogewar kirki hawa biyu, wato ka bi da mai kaushi sannan da mai laushi, tana cinye yini. Sannan ka ɗora wani abu da za ka riƙa ajiyewa a gefe saboda ranar tsautsayi. Farashi biyu za ka yi, na hawa ɗaya da na hawa biyu. Dillalan mota hawa ɗaya suke so, da sauri da rahusa, su za su riƙe ka da aiki kullum. Mai baƙar jif da yake ji da ita shi ne na hawa biyu, kuma shi ba ya ja in ya ga aiki. Tunda kayan nan daga waje ake shigo da su, farashinsu na bin dala, ka sake duba lissafin duk lokacin da ka sayi sabo.

Wurin aikin ma yana cikin zaɓin soso. Ƙwayar yashi ɗaya ta shiga soso ta zama wuƙa, za ta zana maka abin da ya fi wanda kake gyarawa. Da hunturu, in rumfarka a buɗe take, ka sa tamfol ka yayyafa ruwa a ƙasa, kuma ba a goge motar da ta sha rana sai ta huce. Soson da ya faɗi ƙasa ya tafi wanki. Bayan kowane yanki ka share shi da buroshi ko iskar kwamfureso, da yamma ka wanke da ruwa da ɗan sabulu, ka matse ba murɗawa, ka shanya a inuwa, ya bushe sarai kafin ya shiga leda. Kada soson da ya sha man gogewa mai kaushi ya koma aikin ƙarasawa.

Motar kwastoma kuma ba makaranta ba ce. Ka shiga Panteka ka sayo tsohon bonet, baƙi in ka samu, ka ƙona shi da gangan a gefe da tsakiya don ka san yadda fenti ke yi kafin ya huje, yaranka ma kowa ya gwada. In ka zo kan motar kuɗi, ka keɓe ɗan wuri a bonet da tef, ka fara da soso matsakaici da man gogewa mai laushi, ka goge da tawul, ka haska da tocila. In ya fita, haka za ka bi sauran motar. In bai fita ba, sannan ka ɗauko na gashin tunkiya.