Wutar Cek Ta Kama Bayan An Canza Lagireto

"Maigida, Corolla ɗin nan ƙirar 2005 da muka canza wa lagireto da famfon ruwa ta dawo. Mai ita ya ce kwana biyu da barin gareji wutar cek, wato wutar gargaɗin matsalar inji, ta kama, wai mun ɓata masa inji. Na zare kan batir ta mutu, washegari ta sake kamawa, alhali allurar zafi ko tsakiya ba ta kaiwa. In je Ƙofar Ruwa in sayo sensa?"

Ajiye kuɗin sensar nan tukuna, ɗana. Zancen zare kan batir kuwa, kada ka ƙara. Lokacin da wutar ta kama, ƙwaƙwalwar motar ta rubuta lambar laifin, ta kuma ajiye yadda injin yake a daidai wannan lokaci: zafinsa nawa, gudun motar nawa, minti nawa da tayar da ita. Da ka zare batir duk ka goge su. Allah ya taimake mu wutar ta dawo, don haka akwai abin karantawa.

Kafin komai ka san wace wuta ce. Ja mai hoton ma'aunin zafi a cikin ruwa, ko allura da ta nufi H, wannan babu shawara, a kashe mota nan take. In jar wutar batir ta kama tare da tashin zafi, leƙa fambel, domin a wannan injin bel ɗaya ne ke juya altaneta da famfon ruwa, kuma mun cire shi. Ita cek ruwan ɗorawa ce. In ta tsaya cak za a iya lallaɓawa da motar zuwa gareji. In tana ƙyaftawa, wata silinda ce ba ta ƙona mai, ɗanyen fetur yana sauka salansa yana cinye indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa, ita ma a tsaya.

Taka ta tsaya cak, to fara da inda hannunmu ya taɓa. Soket ɗin fanka, soket ɗin sensar iska da ke jikin akwatin iya-kilina in ka ɗaga shi don samun wuri, da soket ɗin sensar zafi a jikin top, wato kan inji, ta ɓangaren giyabos. Matsa kowanne sai ka ji ya ce ƙyas. Duba ko ruwa ya zuba a ciki, ko ƙafafun sun yi kore. Robar waɗannan soket ɗin ta shekara ashirin tana shan zafi, ɗan maƙallinta karyewa yake yi, sai ka gan shi a zaune alhali bai kama ba.

Daga nan sai sikana, na'urar da ke karanta lambar laifi daga ƙwaƙwalwar mota. Duk motar da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 tana da soket mai ƙafa 16 a ƙarƙashin sitiyari, kuma da yawa daga cikin Corolla da ke yawo a Kano daga can suka fito. In ka ga P0118 kuma sikana na nuna zafin ruwa digiri 40 ƙasa da sifili, ka san ko a Disamba ba a taɓa yin wannan sanyi a Kano ba. Waya ce ta katse ko soket ya fita. P0117, da zafi kamar 140 a injin da kake iya ɗora masa hannu, wayar ce ta haɗe da bodi. Ita kanta sensar akwai gwaji mai sauƙi. Bar motar ta kwana, da safe kafin a tayar da ita ka murɗa makulli ka kwatanta zafin ruwa da zafin iska a sikana. Tunda duk sun kwana wuri guda, bai kamata su bambanta da fiye da digiri uku ko huɗu ba. In kana son ka ƙara tabbatarwa sa mita: a digiri 20 tana ba da om dubu biyu zuwa uku, a digiri 80 ta sauko wajen 300.

Amma ni ba can hankalina ya tafi ba. Ka ce wutar ba ta kama a gareji ba sai bayan kwana biyu, ka ce kuma allura ba ta kaiwa tsakiya. Soket da ya fita ba ya jiran kwana biyu, kana tayar da mota zai tona kansa. Lambar da ke yin wannan jinkiri ita ce P0128, wato injin ya daɗe yana aiki bai kai zafin da ya kamata ba. Ƙwaƙwalwa ba ta kunna wuta a karon farko, sai ta sake ganin abin a tafiya ta biyu. Je ka kwance gidan tamostat, bawul ɗin da ke tare ruwa har inji ya ɗumama, inda tiyon ƙasa ya shiga inji kusa da altaneta. Zan yi mamaki in ka tarar da wani abu a ciki.

Za ka ce, ai in da babu tamostat tun can, me ya hana wutar kamawa kafin ta zo hannunmu? Tsohon lagireton ne ke rufa asiri. Rabinsa ya toshe da tsatsa da gishirin ruwan burtsatse, ba ya sanyaya komai, don haka injin yana ɗumama ko babu tamostat. Mun sa sabo mai buɗaɗɗun hanyoyi da famfo mai ƙarfi, ruwa na zagayawa babu mai tare shi, injin ya kasa wuce digiri sittin da wani abu, musamman in mai ita ya ɗauki hanyar Zariya da sassafe. Aikinmu ne ya yi kyau har ya fito da tsohon laifi fili.

Na san abin da za ka ji a garejojin garin nan: wai tamostat na ƙasar Turawa ne mai ƙanƙara, mu nan a cire shi a haɗa fanka dairek. Ban yarda da wannan ba, kuma ba na son yaron da ya fito daga hannuna ya riƙa faɗinsa. Na Toyota yana fara buɗewa ne a wajen digiri 82. Ko a Afrilu da rana ke kai 40 da ɗoriya, injin da ya kwana yana ƙasa da rabin abin da yake buƙata. In ya yi zafi kuma tamostat buɗe yake gaba ɗaya, bai tare komai ba. Motar da ke ofahitin a cunkoson Kurna ko Kantin Kwari, laifin na lagireto ne ko fanka ko murfi ko gasket. Wanda ya cire tamostat ya kashe maciji ne bai sare kansa ba. Injin da ba ya ɗumama kuwa, ƙwaƙwalwa ƙara masa fetur take yi tana zaton yanzu aka tashe shi. Fulogi ya yi baƙi, baƙin mai ya tsinke, mai mota yana ta kukan shan mai a wannan tsada bai san daga ina ba ne.

In ka tarar da shi a ciki, yana iya yiwuwa ya maƙale a buɗe. Ɗaga shi ka duba a haske, mai lafiya a rufe yake ruf in yana da sanyi. Sabon da za ka sayo ma jefa shi a tukunyar ruwa a kan wuta ka ga ya buɗe kafin ruwan ya tafasa, don kasuwa akwai na gaske akwai na jeka-na-yi-ka. Wajen ɗaurawa, ɗan ƙaramin ramin nan mai fil a gefensa ya kalli sama, ta nan iska ke fita.

Iskar ma kada ka raina ta. In ta taru a top, sensa na zaune a tururi maimakon ruwa, allura ta riƙa hawa da sauka. Ɗaga gaban motar kaɗan, buɗe murfi injin na da sanyi, kai hita ƙarshe, bar ta a silo kana matsa tiyon sama kana ƙara kulan har fanka ta tashi ta tsaya sau biyu. Kulan na ce, ba ruwan jarkar mai garuwa ba. Kada ka taɓa buɗe murfin nan da zafi, ruwan da ke ciki yana iya wuce digiri 100. In kumfa ta ƙi ƙarewa bayan duk wannan, kira ni, maganar gasket ce, sai mu tambayi mai ita sau nawa ta tafasa kafin ya kawo ta.

In ka gama, goge lambar da sikana, ka fita da motar kana kallon zafin ya hau 85 zuwa 95 ya zauna. Bar ta ta huce sarai ka sake fita. Sai ka kira Alhajin mai motar, ka nuna masa gidan tamostat ɗin da idonsa kafin ka yi masa zancen kuɗi.