Ɗana yana da hadda amma ya kasa karatun boko

Tambaya: Salam malama. Ɗana shekararsa 7 yana aji biyu, a islamiyya haddarsa ta fi ta yayarsa amma a boko har yanzu bai iya haɗa baƙi da wasali ba, yana rubuta b a wurin d. Babansa yace iskanci ne, malaminsu kuma kullum bulala, yanzu da safe sai yace cikinsa na ciwo. Wata tace min disleksiya ce, wallahi hankalina ya tashi.

Amsa: Wa alaikumus salam ƴar uwa, ki kwantar da hankalinki. Juya b da d ba shi nake fara dubawa ba, yara da yawa suna yi har wajen shekara 7 su daina. Disleksiya, wato matsalar da ke sa koyon karatu da rubutu ya yi wa yaro wuya duk da yana da basira, a sautin magana take kama yaro. Ki zaunar da shi cikin wasa ki tambaye shi wane sauti ne a farkon "tuwo", ko in an cire "ka" daga "kaza" me ya rage, ko gari da fari ƙarshensu ɗaya ne. In yana ta kame-kame alhali sa'anninsa suna amsawa nan take, to akwai abin dubawa. Ki tuna baya kuma, ya yi jinkirin fara magana? Jero ranakun mako na ba shi wuya? A danginki ko na babansa akwai wanda boko ya gagara duk da wayonsa? Abin yana bin jini.

Haddar bata kore komai ba, da kunne ake ɗaukarta. Ki buɗe masa surar da ya haddace kice ya bi da yatsa, za ki gane ko baƙin yake karantawa ko daga ka yake zubowa. A kai shi asibiti a auna ido da kunne tukuna, gwajin karatun kuma ayi da Hausa, don yaron da bai jin Turanci dole ya kasa karanta shi.

Maganar bulala kuwa ita ke ƙona min rai kullum. Yaron da ya haddace surori da ka ta yaya zai zama daƙiƙi? Tun 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya rubuta labarin yaro ɗan shekara 14 da ya kasa karatu, malaminsa yace da da baki kawai ake koyarwa da shi ne zai fi kowa a makarantar, amma mu har yau dorina muke ɗauka, a tsayar da yaro gaban allo ƴan aji suna masa dariya a zane shi ya koma gida babansa ya ƙara masa, sannan ace wai ya tsani makaranta. Ciwon cikin nan na safe tsoro ne. Ga kuma masu maganin basira da lasifika a bakin kasuwa, babu garin magani ko kwalbar da ke koya wa yaro baƙi, kar ki ba su ko sisi. Ayi addu'a, a kuma koyar da shi.

Ki samu babansa ku je wajen hedimasta tare a dakatar da dukan, ku nemi malamin da ya karanci ilimin yara masu buƙata ta musamman ya gwada shi. A gida minti 15 kullum ya isa, sauti ɗaya-ɗaya, yana faɗa yana zana shi da yatsa a yashi, sai ya zauna sannan ku wuce na gaba.