Ga 'yar uwar da ta yi tambaya kan gwajin gawar ƙaninta

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. 'Yar uwa wallahi da na karanta tambayarki sai da na kife wayar. Kin ce ƙaninki na shan amitriptyline saboda ciwon damuwa, aka wayi gari babu rai, gwajin gawa ya nuna maganin da yawa a jininsa, shi ne kike tambaya ko kashe kansa ya yi. Abin da ya same mu kenan da yayata ta rasu a Tudun Wada, ita ma maganin take sha.

Ranar sadakar uku ina tsugune bakin murhu ina kwasar tuwo, matar kawunmu ta dubi baƙi, ko rage murya ba ta yi ba, wai ai takardar asibiti ta nuna Yaya ƙwayoyi ta haɗiye, wai ita da ma ba a sallace ta ba. Inna na kan tabarma da carbi a hannu tana ji. Marar ta suɓuce mini cikin toka. Matar da ko sau ɗaya ba ta leƙo ba duk watannin da Yaya ta yi ba ta barci! Har yau in na gan ta a biki gabana faɗuwa yake.

Daga baya wani likita ya zaunar da ni, ya ce maganin nan taruwa yake a hanta da huhu da tsokar zuciya, in rai ya fita sai ya riƙa tsiyayowa cikin jinin da ke kusa, shi ya sa jinin da aka ɗiba a zuciya kan nuna fiye da abin da ke jikin mutum yana raye, balle in gawar ta jima. Na jijiyar cinya suka fi yarda da shi, su haɗa da fitsari da hanta da abin da ke cikin tumbi. To ki koma ki tambaya, a ina aka ɗibi jinin, awa nawa da rasuwa? Namu a zuciya ne, kuma da muka ƙirga ragowar ƙwayoyinta daidai suke da yadda aka rubuta mata.

Kar ki bari a zubar da kwalayen, ki adana har katin asibitinsa. Ki bincika ko yana haɗawa da tramadol, don haɗin na da haɗari, shi kansa maganin in ya yi yawa yana rikita bugun zuciya. Sauran ƙwayoyin ki kulle inda yara ba za su kai ba. Kuma dan Allah ki kula da mamanku, kar a bar ta ita kaɗai da masu zuwa gaisuwa. Allah ya jiƙansa.