Awon suga kaɗai bai wadatar ba

Hajiya, kin ce a asibitin sha-ka-tafi na unguwarku suga kawai ake auna wa Baba a ba shi maganin suga metformin, kina tambaya ko hakan ya isa. Gaskiya bai isa ba. Ciwon suga a ɓoye yake cin ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa.

Ƙafar aka fi yi wa sakaci, alhali duba ta ba ya buƙatar wata na'ura mai tsada. Duk zuwa, Baba ya cire takalmi a duba masa tafin ƙafa da tsakanin yatsu. Akwai wani siririn zaren roba da ake taɓa tafin da shi. In bai ji ba, jijiyar ta fara lalacewa, ƙaya ma za ta soke shi bai sani ba. Ya bar yawo ba takalmi, ya riƙa tsane tsakanin yatsu bayan alwala.

A auna masa hawan jini kowane zuwa, HbA1c kuma, wato gwajin jinin da ke nuna yadda suga ya kasance a wata biyu zuwa uku da suka wuce, duk wata 3 zuwa 6. Gwajin fitsari don ƙoda da duban cikin ido aƙalla sau ɗaya a shekara. In ba su da kayan aikin, ku nemi takardar zuwa babban asibiti. Allah ya ƙara masa lafiya.